ƘARAU A BAKIN WUTA: Tarihin Sana'ar da Muka Daɗe Muna Fataucin Kayanta

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin ƙarau. Tun kafin kalmar gilashi ta shigo bakinmu daga Ingilishi, da wannan suna kakanninmu suke kiran awarwaron nan mai ƙyalli da amo wanda mata ke jerawa a hannu, wanda in ya kuɓuce ya faɗi ƙasa sai dai a kawo tsintsiya. Har yau da wuya a shiga wani gida a unguwa irin Kongo-Rasha ta birnin Jos a rasa wani abu na gilashi, ko kwalbar turare, ko madubi, ko tabarau, ko kuma tsofaffin duwatsun wuya da wata dattijuwa ta gada daga uwarta. Duk da haka, in aka jera sana'o'in gargajiya da muke koya wa ɗalibai, wato noma da ƙira da jima da saƙa da rini da dukanci da ginin tukwane, ba a ambaton narka ƙarau. Mun sa shi a jiki, mun yi fataucinsa har ƙasashe masu nisa, amma aikin hannun da ke samar da shi mun bar wa wasu.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun wannan sana'a, musamman reshenta da ake yi a gaban harshen wuta, daga inda ta faro har zuwa inda ta iso ƙofar gidanmu. Za mu ga cewa sana'ar wuta ba ta mutuwa rana ɗaya. Ilminta ne ke zubewa kaɗan-kaɗan, kuma ƙasar Jos ta taɓa ganin irin wannan asara da idonta.

Yadda Wuta ke Juya Ƙarau

Asalin gilashi rairayi ne. Sai dai rairayi shi kaɗai ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,700 a ma'aunin Salshiyas, abin da murhun mutanen da ba ya iya kaiwa. Dabarar da suka gano ita ce a gauraya shi da kanwa ko tokar wasu tsirrai, waɗanda ke sa ya narke a zafin da bai kai haka ba, sa'an nan a ƙara farar ƙasa domin ya yi ƙarko, kada ruwa ya riƙa cinsa. Masu iya magana sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. To, a wannan sana'a dutsen ake dafawa a zahiri.

Sirrin aikin yana cikin wata ɗabi'a da gilashi ya bambanta da dalma ko ƙanƙara. Su waɗannan da zarar zafi ya kai musu sai su zama ruwa nan take. Shi kuwa gilashi a hankali yake saki: ya fara laushi kamar ɗanko, ya koma kamar alewar da ake ja, daga bisani ya riƙa zuba kamar zuma. A tsakanin waɗannan matakai ne mai sana'a yake samun damar lanƙwasa shi, ko ja, ko naɗewa, ko hura masa iska.

Hanyoyin aikin iri biyu ne. Akwai ta babban murhu, inda ake ɗebo narkakken gilashi a bakin dogon bututun ƙarfe a hura, kamar yadda ake yin kwalba da tulu. Akwai kuma ta ƙaramar wuta, inda mutum ɗaya zai zauna da sandar gilashi a hannun dama, da siririn tsinken ƙarfe da aka shafa wa laka a hagu. Idan bakin sandar ya yi ja ya saki, sai ya naɗa shi a jikin tsinken, yana murzawa ba tsayawa, domin in ya dakata ko na ƙiftawar ido ne, gilashin zai zubo gefe guda. Lakar ita ke hana shi manne wa ƙarfen, kuma gurbin tsinken shi ne hudar da za a zura zare. Ado kuwa da siraran zaruruwan gilashi masu wasu launuka ake ɗiga shi ko a zana. Launukan daga ma'adinai suke fitowa: kobal na ba da shuɗi, jan ƙarfe na ba da tsanwa ko ja, baƙin ƙarfe ke sa kwalba ta yi kore, ɗan ƙanƙanin zinariya kuma na ba da ja mai tsada.

Mataki na ƙarshe shi ne ya fi gwada haƙuri. Idan aka bar abin da aka ƙera a iska, bayansa zai riga cikinsa hucewa, sai ya tsage, wani lokaci ma bayan kwanaki. Saboda haka ake turbuɗa shi cikin toka mai zafi, ko a sa shi a tanda mai zafin wajen digiri 500, a bar shi ya huce sannu a hankali.

Daga Masar Zuwa Benis

Duwatsun ado su ne abu na farko da ɗan Adam ya fara yi da gilashi, a ƙasashen da a yau ake kira Iraƙi da Sham da Masar. Wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), masu sana'a a waɗannan ƙasashe sun kai ga yin ƙananan kwalaben turare ta hanyar naɗa narkakken gilashi a kan curin laka, in ya huce su kwakule lakar. Hura gilashi da bututu kuwa sai a ƙarni na ɗaya kafin Miladiyya aka gano shi a yankin Sham da Falasɗinu, kuma shi ya sa kayan gilashi suka yi arahar da talaka zai iya saye. Daulolin Musulunci sun gaji wannan ilmi suka ƙawata shi. Fitilun masallatan Alƙahira na ƙarni na 14, masu rubutu da ruwan zinariya, suna cikin abubuwan da gidajen tarihi na duniya ke alfahari da su.

A Turai, birnin Benis na ƙasar Italiya ne ya yi fice. A 1291 mahukuntan birnin suka umarci a kwashe murahun gilashi zuwa tsibirin Murano, saboda tsoron gobara, wanda hakan ya kuma sauƙaƙa musu tsare sirrin sana'ar. A ƙarni na 16 da na 17 aikin ƙaramar wuta ya bunƙasa a can. Kayan aikinsu ba su fi ƙarfin maƙerin ƙauye ba: fitila ce irin aci-balbal mai cin mai ko kitse, da zuga-zugi a ƙarƙashin tebur da ake takawa da ƙafa, iskar na bi ta siririn bututu tana tsananta harshen wutar. Da wannan suka yi duwatsun ado bila adadin, mata na zura su a zare a ƙofar gidajensu, jiragen ruwa na kwasa zuwa Afirka da Asiya da Amurka.

Ƙarni na 19 ya sauya wutar da gilashin baki ɗaya. Iskar gas ta maye gurbin mai, musamman bayan murhun gwaji na Bunsen ya fito a 1855. A garin Jena na Jamus, Otto Schott ya haɗa wani gilashi mai jure zafi, wanda irinsa ne aka fara sayarwa a Amurka da sunan Pyrex a 1915. Da shi ake yin kwalabe da bututan ɗakin gwaje-gwaje, kuma har yau masu kimiyya ba su rabu da mai hura gilashi a gaban wuta ba, domin akwai na'urorin da sai hannu ke iya haɗa su. Ta fuskar fasaha kuwa, wani uba da ɗansa, Leopold da Rudolf Blaschka, sun yi wa Jami'ar Harvard siffofin furanni da ganyaye da 'ya'yan itatuwa fiye da 4,000 daga 1887 zuwa 1936, duka da gilashi a gaban fitila, domin koyar da ilmin tsirrai. Mai kallo yakan rantse cewa yanzu aka tsinko su.

Ƙarau a Hannun Fatake

Ta hanyar ciniki wannan kaya ya iske mu, kuma tun da daɗewa. A Durɓi ta Kusheyi da ke ƙasar Katsina, tonon da masana suka yi a 1992 ya fito da duwatsun ado da kayan zinariya da tasoshin ƙarfe da suka fito daga ƙasashen gabas, a kaburburan sarakunan da suka rayu ɗaruruwan shekaru kafin jihadi. Sa'ad da Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano a 1851, ya lissafa duwatsun adon Benis cikin hajar da ayarin raƙuma ke kawowa daga Turabulus, tare da takarda da allurai da madubai. Daga kasuwar Kurmi 'yan koli ke rarraba su ƙauye-ƙauye, fatake kuma su gangara da su Nupe da Gwanja.

Akwai wani labari da ya nuna matsayinmu a wannan ciniki ƙarara. A garin Al-Halil na Falasɗinu an daɗe ana yin wasu manyan duwatsun gilashi, rawaya da kore da shuɗi, ana kai su Masar, daga nan su bi ayari zuwa Darfur. Da yayinsu ya wuce a Sudan, wani jami'in mulkin mallaka mai suna A. J. Arkell ya rubuta a shekarun 1930 cewa 'yan kolin Hausawa na saye su da araha daga hannun mata suna yo yamma da su. Daga baya, da suka sake fita zuwa kasuwannin Turai da Amurka, sai masu tara kayan tarihi suka laƙaba musu suna duwatsun Kano, alhali ko ɗaya ba a narka a Kano ba. Sunanmu ya bi kayan saboda ƙafarmu ce ta yi yawo da su.

Ife da Masagan Bida

An daɗe ana ɗauka cewa duk wani gilashi da aka tono a Afirka ta Yamma daga waje aka kawo shi. A Igbo-Ukwu kaɗai, Thurstan Shaw ya tono duwatsun ado kimanin 165,000 na gilashi da na dutse, waɗanda suka kai shekara dubu a binne. Amma binciken da Abidemi Babatunde Babalola ya yi a Igbo Olokun da ke Ile-Ife, wanda ya bayyana a 2017, ya gyara wannan fahimta. Ya samo duwatsu fiye da 12,000 tare da kaskon narki da tarkacen aiki na tsakanin ƙarni na 11 da na 15, kuma awon sinadaransu ya nuna haɗi ne na musamman, mai yawan farar ƙasa da sinadarin alminiyam, wanda da ma'adinan yankin aka yi shi. An ga irin wannan gilashi har a Gawo ta ƙasar Mali. Ke nan mutanen wannan yanki sun dafa rairayinsu da kansu.

Inda sana'ar ta rayu har zuwa zamaninmu shi ne Bida, babban birnin Nufawa tun tsakiyar ƙarni na 19. A can akwai unguwar Masaga, mazaunin zuriyar masu ƙarau, waɗanda tarihinsu na baka ke cewa daga Masar kakanninsu suka taso. Leo Frobenius ya ziyarce su a 1911, S. F. Nadel kuma, wanda ya zauna a ƙasar Nupe a tsakiyar shekarun 1930, ya bayyana tsarin ƙungiyarsu a littafinsa A Black Byzantium na 1942. Murhunsu na laka ne a tsakiyar ɗaki, da itace ake hura shi, yaro na zuga, masu aiki na zaune kewaye kowa da sandar ƙarfensa. Wutarsu ta bambanta da ta fitilar Benis, amma aikin hannun ɗaya ne: a ɗebo, a naɗa, a murza. Wajen yin awarwaro, sai su fara da curi mai huda, su riƙa faɗaɗa shi da ƙarfe suna juyawa cikin zafi har ya isa shiga hannu, ba tare da an ga mahaɗi ba.

Abin lura shi ne Masaga suna da gilashin kansu, wani baƙi mai sheƙi da suke kira bikini, wanda suke dafawa daga rairayi da kanwa, wuta na ci kwana da kwanaki. Kanwa kuwa daga yankin Barno da tafkin Cadi take fitowa, kuma fataucinta zuwa kudu sananniyar sana'ar Hausawa ce. Da wannan za mu gane cewa jakin da ya kai kanwa Nupe shi ke komowa da ƙarau.

Sai kwalaben Turawa suka cika kasuwa. Narka fasasshiyar kwalba ya fi dafa rairayi sauƙi nesa ba kusa ba, ga kuma launuka iri-iri a ɓagas: kore da ruwan ƙasa daga kwalaben abin sha, shuɗi daga na magani, fari daga na man shafawa. Babu wanda zai zargi mai sana'a don ya bi sauƙi. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai aka daina dafa bikini ɗungum, ilminsa ya rage a kan 'yan tsirarun dattawa. Bayan haka awarwaron roba da na kanti suka zo suka raba su da masu saye na gida, aka koma dogaro da baƙi masu yawon buɗe ido. A 2019, da taimakon wata marubuciya mai suna Lesley Lababidi, Masaga sun sake haƙa murhu suka dafa bikini bayan shekaru gommai, aka kuma ɗauki aikin a fim. A 2021 hukumar UNESCO ta sa Bida cikin jerin biranen da suka yi fice a sana'o'in hannu, shekara guda bayan ta amince da fasahar duwatsun gilashi ta Italiya da Faransa a matsayin gadon ɗan Adam. An ceto bikini ne domin an tarar da sauran masu tuna yadda ake yi.

Darasin Kuza

Mu mazauna Jos bai kamata wannan labari ya zame mana baƙo ba, domin ƙasar nan ta taɓa samun tata sana'ar wutar. Kafin zuwan Turawa, mutanen Riruwai ta ƙasar Kano da na Liruwen Dalma ta ƙasar Bauci suna wanke kuza a rafuka, su narka ta a murhun laka, su zuba ta ta zama siraran sanduna kamar tsinken ciyawa. Fatake na kai waɗannan sanduna kasuwanni masu nisa, kuma ganinsu ne ya sa Kamfanin Neja ya bi sawu har ya iso tsaunukan nan a farkon shekarun 1900. Cikin 'yan shekaru kamfanoni suka mallake filayen kuza, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, garin Jos ya cika da leburori da 'yan kasuwa daga ko'ina, su kuwa murahun gargajiya suka mutu. Aka koma kwasar kuza ɗanya zuwa Ingila, har sai a farkon shekarun 1960 da aka kafa masana'antar narki ta Makeri. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, abin da ya rage mana shi ne kududdufai da tudun ƙasa. Jikokin masu narka kuza sun gaji suna, ba su gaji hannu ba.

Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya adana mana kawunan Nok da tukwanen ƙabilu daban-daban, a gefensa kuma an gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya. Wannan babban aiki ne, sai dai gidan tarihi abin da hannu ya yi yake iya ajiyewa. Yadda ake gane zafin wuta daga launinta, da lokacin da za a janye sanda, da nauyin murzawa a yatsa, waɗannan a jikin mutum suke zaune, kuma daga jiki zuwa jiki suke wucewa. Sana'a irin wannan tana bukatar maigida da yaro su zauna wuri ɗaya shekara da shekaru, tana kuma bukatar kasuwa. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010, waɗanda suka raba maƙwabta a unguwannin Jos ta Arewa, da gobarar da ta cinye babbar kasuwar Taminus a 2002, sun nuna mana yadda waɗannan abubuwa biyu suke da saurin fashewa.

Kammalawa

Idan muka duba da kyau, kayan wannan sana'a suna kewaye da mu. Wutar da masu walda ke amfani da ita a Dilimi da bakin titin Bauci ta fi ta fitilar mutanen Benis zafi. Kwalaben da 'yan jari-bola ke tsinta a lungunan Kongo-Rasha irinsu ne Masaga suka yi shekaru suna narkawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana koyar da fasahar gilashi har matakin digiri, ɗakunan gwaje-gwajen makarantunmu kuma cike suke da fasassun kayan da mai hura gilashi zai iya ɗinkewa. Abin da ya rage shi ne sani, kuma ba ƙarami ba ne: gilashin kwalba yana da taurin kai a wuta, na kwalabe mabambanta ba su cika haɗuwa ba tare da sun tsage ba, ido na bukatar tabarau na musamman, ɗaki na bukatar iska. Duk wannan sai an durƙusa gaban wanda ya iya, kuma Bida ba ta fi tafiyar yini guda daga Jos ba.

Mu ɗaliban harshe da al'ada kuwa, namu rabon aikin ya fi kowane gaggawa. Kakanninmu mata sun san sunan kowane dutse da ke cikin adudunsu, sun san bambancin murjani da tsakiya, da wanda ake sa wa jigida, da wanda ake zuba wa amarya a lefe, da wanda ake ɗaura wa jariri, da ɗan kolin da ya kawo shi da garin da ya ce ya fito. Waɗannan sunaye su ne kundin tarihin cinikin da ya haɗa Kano da Turabulus da Bida da Darfur, kuma mafi yawansu ba a rubuce suke ba. Duk wanda ke da tsohuwa a gida, ya kamata ya ɗauki alƙalami da takarda a hutun nan, ya roƙe ta ta buɗe adudun, ya tambaye ta ɗaya bayan ɗaya. Da haka wanda zai zo bayanmu ya kunna wuta zai tarar da sunayen abin da zai ƙera.